Wa Ya Naɗa Mu Alƙalan Kunne?

Minti biyu da ƴan daƙiƙoƙi kawai na bar shi a iska. Daren Asabar ne, a shirin da nake kawo kiɗe-kiɗen wasu ƙasashe, shirin da na sha sa gogen Larabawa da molon mutanen Mali da gangunan Indiya ba wanda ya taɓa kira don ƙorafi. Ran nan kuwa, tun allura ba ta kai tsakiyar waƙar ba wayar situdiyo ta ɗau ruri. Wani ya ce na'urarmu ta lalace, a nemo mai gyara. Wata baiwar Allah ta ce na tayar mata da jariri. Wani kuma, da ji mai barkwanci ne, ya tambaya ko gidan rediyon ya koma sana'ar niƙan gero. Duk na yi dariya na ba su haƙuri, don suna da gaskiyarsu: dare ne, kuma ban yi musu gargaɗi ba.

Wadda ba ta ba ni dariya ba ita ce maganar ranar Litinin. Wani babba a wurin aikinmu, mutumin da ya riƙe makirfo tun ina rarrafe, kuma wanda a hannunsa na koyi yadda ake numfashi a gaban na'ura, ya kira ni gefe. Ya ce, "Kai yaro, abin da ka sa shekaranjiya ba kiɗa ba ne, haukar ƴan ƙwaya ce. Kwashe tarkacen nan ka kai bola, ko ka ba yara su yi gare da su." Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, amma kun saurara har ƙarshe kuwa?" Ya ce shi ba sai ya shanye guga ba kafin ya san ruwan rijiya na da ɗaci.

Ban yi masa musu ba, don ba a yi mini irin wannan tarbiyyar ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma ba don faya-fayan kaɗai ba. Abin da ya dame ni shi ne sauƙin da muke yanke hukunci da shi, mu da aka danƙa wa makirfo. Mu ce wannan kiɗa ne, wancan hayaniya. Wannan a ajiye, wancan a zubar. Wa ya naɗa mu? Da wane rawani? Labarin wannan kiɗa na ƙasar Holan da ake kira gabber ya ishe mu madubi, don an yanke masa irin hukuncin nan a gidansu, hukuncin ya sha ƙasa, kuma abin da ya riƙe shi har ya ga wannan rana shi ne ainihin abin da aka ce in kai bola.

Tarkacen da Baba ke nufi faya-fayan garmaho ne guda 23. Wani abokina dillalin motoci ya tsince su cikin kwali a bayan wata tsohuwar mota da aka sauke a Kwatano. Kowa ya san motocin nan ba su zuwa wayam, ana cusa musu tsofaffin takalma da tukwane da rediyoyi. Ya san ni da tara tsofaffin kaya, sai ya aiko mini. Mu nan abin da muka san Holan da shi bai wuce atamfa da madarar gwangwani da ƴan ƙwallo ba, don haka da na ga an rubuta Rotterdam da Amsterdam a jikin kwalayen, ga zanen ƙoƙunan kai da karnuka masu haƙora, sai na kakkaɓe ƙurar wata na'urar juya faifai da ta shekara goma ba a taɓa ta ba, na ɗora allura. Ni ma, ba zan ɓoye ba, da farko ja da baya na yi.

Kunnen Bahaushe in ya ga kalmar gabber, gaba yake ji, wato ƙiyayya. Ma'anarta kuwa aboki. Su da kansu daga maƙogwaro suke fito da harafin farkon, kusa da yadda Balarabe ke furta sunan Khalid. Kalmar tsohuwar maganar ƴan kan titin Amsterdam ce, ta shigo daga harshen Yahudawan birnin. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sai an san garuruwa biyu kafin a fahimci kiɗan. Amsterdam ita ce babban birni, garin masu zane da marubuta da ƴan yawon buɗe ido, mai tsofaffin gidaje jere a bakin ruwa. Rotterdam kuwa garin aiki ne. Ranar 14 ga Mayun 1940 jiragen yaƙin Jamus suka rusa tsakiyarta, aka sake gina ta da kankare da ƙarfe, kuma daga 1962 har zuwa 2004 babu tashar jiragen ruwa a duniya da ta kai tata hada-hada. Garin ƴan dako ne da masu walda da direbobin manyan motoci. Ko a ƙwallo garuruwan biyu ba sa ga-maciji, Ajax can, Feyenoord nan. Da kiɗan rawa na lantarki ya iso daga Chicago da Detroit, inda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro shi, Amsterdam ta karɓe shi da yanga. Gidajen rawa irin su RoXY suna da masu tsaron ƙofa da ke duban tufafinka da takalminka kafin su yarda ka shiga. Yaron da ya wuni yana sauke kwantena ya san irin kallon da za a yi masa a wannan ƙofar.

Sai yaran Rotterdam suka yi nasu. A wani gidan rawa mai suna Parkzicht, inda DJ Rob ke riƙe da faifai, aka yi ta ƙara wa kiɗan sauri da nauyi, kowane mako ya fi na baya. Ba su kaɗai suka fara ba, gaskiya ɗaya ce: a 1990 wani Bajamushe ɗan Frankfurt, Marc Acardipane, ya fitar da "We Have Arrived", wadda mutane da yawa ke ɗauka ita ce farkon wannan kiɗa mai tauri, kuma mutanen Beljiyam ma sun sa hannu. Amma a Rotterdam abin ya sami gari da suna da jama'a. A 1992 Paul Elstak ya buɗe kamfanin faifai na Rotterdam Records. Cikin faya-fayan farko akwai na Euromasters, wanda sunansa kansa habaici ne, tambaya ce wai shin ina ne ma Amsterdam ɗin take. A jikin kwalin aka zana Euromast, doguwar hasumiyar Rotterdam, tana yi wa Amsterdam fitsari. Ana kuma ba da labarin cewa wani DJ na Amsterdam ne ya kira su da sunan gabber cikin raini, kamar yadda za ka ce ai wasu ƴan gayen unguwa ne ke shirmensu, sai Elstak ya sa aka rubuta a kan faifan cewa zama gabber ba abin kunya ba ne. Aka ɗauki zagi aka yi rawani da shi.

A shekarar dai aka yi "Poing" ta Rotterdam Termination Source, wadda kusan ba komai a cikinta sai bugun ganga da ƙarar ƙwallon roba tana tsalle, kuma ta shiga jerin waƙoƙin da aka fi saye a Holan har da Ingila. A watan Oktoban 1992 aka yi taron Thunderdome na farko a zauren wasan zamiyar ƙanƙara na Thialf da ke garin Heerenveen. Kafin a ankara an sami al'umma guda mai kamanninta: samari da ƙwalkwabo, ƴan mata sun aske gefen kai sun ɗaure gashin sama, kayan motsa jiki masu launi ƙirar Australian, takalman Nike Air Max, da rawar da suke kira hakken, wato sara, don ƙafafu ke saran ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

To yanzu ga maganar "ba kiɗa ba ne". A nan nake son abokan sana'ata su matso kusa, don abin ya shafi darasin farko da aka koya mana. Duk wanda ya taɓa zama gaban miksa ya san dokar: kada allurar awo ta shiga ja. In ta shiga, murya ta fashe, sauti ya ƙone, mai kula da na'ura ya harare ka. Yaran nan a cikin jan suka gina gidansu. Suna da wata na'urar ganga ta kamfanin Roland na Japan, TR-909, wadda aka fitar a 1983, ba ta yi kasuwa ba aka daina ƙera ta, har ta zama kayan gwanjon da talaka zai iya saye. Bugun babbar gangarta a asali dunƙulalle ne mai laushi. Sai su tura shi cikin miksa su murɗa har ƙarshe, har saman amon ya yanke ya baje. Abin mamakin shi ne, in amo ya fashe haka ba ya zama shara kawai, murya yake samu. Bugun ya tashi daga "dum" ya koma abu mai tsawo da kauri da za ka iya ɗaga shi ko ka sauke shi, har ka rera da shi. Ganga ta zama ita ce mawaƙiya. Bahaushen da ya tashi yana jin kalangu na magana a hammatar makaɗi, ya matse ta yi sama, ya saki ta yi ƙasa, shi ne mutum na ƙarshe a duniya da ya kamata ya ce ganga ba ta isa ta ɗauki waƙa ita kaɗai ba.

Kuma fasa amo ba a yin sa da ka. Ka murɗa kaɗan ya fito lami, ka zarce ya zama ƙarar tsohon janareto. Cikin faya-fayan nan 23 na ji waɗanda suka iya da waɗanda ba su iya ba, kuma bayan mako biyu kunnena ya fara rarrabe hannun wannan da na wancan, kamar yadda tsohuwa ke gane dakan kowace yarinya daga bayan danga. Abin da ke da gwani da ɗan koyo, ke da salon gari-gari, ke da masu sauraron da za su yi gardama har asuba kan wane bugu ya fi wane, sana'a ce. Ko ka so ta ko ka ƙi ta.

Saurin ma da ke firgita mutane lissafi ne. Kiɗan rawa na Chicago yana tafiya ne wajen bugu 120 zuwa 130 a minti. Gabber ya kai shi 160, 180, har 200. A 180, bugu uku ke nan a kowace daƙiƙa, kusan yadda zuciyar saurayi ke bugawa in ya zura da gudu iya ƙarfinsa. Wanda ya kwana biyar yana aikin da inji ke ba shi umarni, ranar Asabar ya je ya tsaya gaban injin da ya fi na wurin aikin ƙara, amma wannan karon shi ya zaɓa, kuma yana tsakiyar abokansa. Ban ga abin da ke da wuyar fahimta a nan ba.

Sai faifan kansa, wanda shi ne asalin rigimata da Baba. Baƙi ne, faɗinsa inci 12, kusan santimita 30. Mafi yawan na cikin kwalina waƙa biyu ce a kowace fuska, wasu ma ɗaya tak. Ba rowa ba ce. Sauti a faifai wata siririyar tsaga ce da aka sassaƙa tana zagayawa, allura na bin ta tana karkarwa. Iya ƙarfin amo da kaurinsa, iya faɗin lanƙwasar tsagar, iya filin da take ci. Wanda ya cusa waƙa goma a fuska ɗaya dole ya rage murya. Wanda ke son bugun da zai girgiza zauren mutum dubu sai ya yi wa waƙa ɗaya shimfiɗa mai yalwa. Mai sassaƙa uwar faifan ma yana da dokarsa: amo mai kauri dole ya zauna a tsakiya, kada ya karkata hagu ko dama, in ba haka ba allura ta yi tsalle ta bar hanya. Wato kiɗan da ake cewa ba shi da linzami, sai da ya bi ta hannun mai awo da madubin ƙara girma kafin ya isa kunnen kowa.

Ga wani abu da na lissafa da fensir, ya sa ni murmushi ni kaɗai. Faifan da ke juyawa sau 45 a minti, in kiɗan da ke kansa bugu 180 ne a minti, to kowane zagaye bugu huɗu ne cif. Kowane bugu yana faɗawa daidai gefen ɗan'uwansa na zagayen baya. Ka ɗaga irin wannan faifan ka karkata shi ga hasken taga, za ka ga bugun da idonka, ya jeru daga tsakiya zuwa baki kamar wayoyin ƙafar keke. In saurin ya ɗan kauce wa 180 sai layukan su murɗe. DJ ɗin da ya ƙware yana duban fuskar faifai ya san inda ganga za ta ɗauke da inda za ta dawo tun bai sa a kunne ba. Na'urar da suke aiki da ita, Technics SL-1200 samfurin da ya fito a 1979, tana da wani maɓalli da ake ja a ƙara sauri ko a rage da kashi 8 cikin ɗari, don haka mai 180 yana iya kaiwa 194. Da na'ura biyu a gabansa, da kunne da ɗan yatsa kaɗai, zai daidaita faifai biyu su buga tare. A wannan saurin, kuskuren ƙiftawar ido ya isa jama'a su ji kamar dawakai biyu na sukuwa kowa da tasa. Na gwada da na'ura ɗaya da kwamfuta, na sha kunya ni kaɗai a ɗaki.

Kada a ce na ƙara gishiri: ba faifan garmaho ne ya kai gabber gida-gida ba. Faya-fayan CD na Thunderdome ne suka yi wannan, su aka yi ta talla a talabijin, su yara suka saya. Baƙin faifai kayan aikin DJ ne, ana buga ƴan ɗaruruwa ko ƴan dubbai. Amma shi ne asali, a kansa sabuwar waƙa ke fara fita, kuma shi ke ɗauke da shaida. Kowane ɗaya a cikin kwalina yana da sunan kamfani, da lambarsa a jerin abin da kamfanin ya fitar, da shekara, da sunan wanda ya haɗa kiɗan. Da waɗannan lambobin na shiga Discogs, rumbun intanet da masu tara faifai ke cikawa tun shekarar 2000, na gano asalin kusan kowanne cikin dare ɗaya, ina zaune a ƙasar da wanda ya buga su mai yiwuwa bai taɓa jin sunanta ba. Shekara talatin, teku guda, bayan mota, zafin hanya, kuma har yanzu faifan yana iya faɗin sunan ubansa.

Baba ya ce ƴan ƙwaya. An sha ƙwaya kam, ba mai musun wannan. Ekstasi da amfetamin sun yi yawo a tarukan nan, da yawa daga masu rawa tun dare har hantsi ba da ƙarfin shayi suke yi ba, kuma akwai waɗanda abin ya lalata. Amma mu da tramol ya shiga mana gona da tasha da bakin kasuwa, mun taɓa cewa a daina noma don wasu ƴan ƙwadago na haɗiya kafin su kama hauya? Ƙwaya tana bin matashin da ya gaji ko ya rasa mafita duk inda yake, ko da ganga ko babu. Ɗora wa kiɗa laifinta hanya ce mai sauƙi ta kauce wa tambayar me ya gajiyar da yaron.

Zargi na biyu ya fi nauyi, kuma ni a matsayina na baƙar fata ba zan tsallake shi ba. An ce kiɗan masu wariyar launin fata ne. Gaskiya ne cewa wasu masu aƙidar ƙin baƙi sun raɓu da shi, ƙwalkwabon ma ya sa jaridu suka riƙa haɗa su da ƴan Nazi. Sai dai faifan da kansa yana da ta cewa. Paul Elstak, wanda ya kafa Rotterdam Records, tsatson Suriname ne. The Darkraver, ɗaya daga manyan DJ ɗinsu tun farko, baƙar fata ne. Kamfanin Mokum Records da aka buɗe a Amsterdam a 1993 ya riƙa buga tambari a kan kayansa mai cewa ƴan gabber sun haɗa kai don yaƙar wariyar launin fata da fasisanci, kuma uku daga cikin nawa suna ɗauke da shi. Sunan Mokum ɗin ma laƙabin Amsterdam ne a bakin Yahudawanta, ma'anarsa wuri, dangin kalmar Larabcin da ta ba mu muƙami. Kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan Holan an kashe su a yaƙin duniya na biyu. Don haka ɗan wariyar da ke buga ƙirji yana kiran kansa gabber, da kalmar mutanen da gwanayensa suka hallaka yake kiran kansa, yana rawa da kiɗan da kakansa baƙin Chicago ne. Wautarsa tasa ce. Da a ce waƙoƙin nan sun iso mini a memori, ba suna ba kwali, da ban ga tambarin nan ba, da sai in yarda da abin da jarida ta faɗa.

Abin da ya kusa kashe gabber ma ba ƴan sanda ba ne, mu ne, masu makirfo da kyamara. Da farko an kau da kai. Da aka ga akwai kuɗi, wajen 1995, sai aka buɗe ƙofa ga wani nau'insa mai zaƙi da muryoyin ƴan mata da amshi mai sauƙi, shi kansa Elstak ya yi irinsa ya ci kasuwa. Daga nan sai ba'a. A ƙarshen 1996 wata waƙar shaƙiyanci mai suna "Gabbertje" ta Hakkuhbar, wadda aka ɗora kan karin wani tsohon shirin yara, ta hau matsayi na ɗaya a ƙasar. Ɗan gabber ya zama wawan talabijin, mai zare ido yana cije baki. Kafin shekarar 2000 da yawa sun tara gashi sun ɓoye rigunansu a ƙasan akwati. Wataƙila a lokacin ne mai kwalina ya tura shi bayan ɗaki. An raina shi, an tatse shi, an yi masa dariya, aka ce ya mutu.

Bai mutu ba, ƙasa ya shige, kuma faya-fayan suna nan a ɗakunan mutane. Thunderdome ya yi bankwana a 2012, ya dawo a 2017 a Utrecht, zaure ya cika da dubun dubatar mutane, wasu da furfura wasu ba a haife su ba lokacin da aka fara. Hotunan ƴan gabber da Ari Versluis da Ellie Uyttenbroek suka fara ɗauka a 1994 sun shiga gidajen baje kolin fasaha. A 2022 mawaƙiyar nan ta Iceland, Björk, ta yi aiki da Gabber Modus Operandi, matasan Indunusiya, ƙasar da Holan ta yi wa mulkin mallaka, waɗanda suka ɗauki kiɗan suka haɗa da na gargajiyarsu. A 2023 Jim Taihuttu ya yi fim sukutum a kan zamanin. Ƙasar da ta yi dariya yanzu tana kiran abin gadonta. Waɗanda suka ce ba kiɗa ba ne, ban ji wanda ya fito ya nemi gafara ba.

Ina iya tsayawa nan in ce ruwan Holan ne. Amma akwai abin da ya sa maganar bola ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Duk wanda ya tashi a Nijar ya ji kiɗan ogan Mamman Sani Abdoulaye, ko da bai san sunansa ba, don shekara da shekaru ana sa shi tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin. A 1978 ya naɗi kundinsa a situdiyon rediyon ƙasa, aka fitar da kaset ƴan ƙalilan. Kiɗan lantarki, namu, tun kafin a ƙera TR-909. Sai a 2013 wani ƙaramin kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya buga shi a baƙin faifai, duniya ta ji, aka fara gayyatar dattijon Turai. Kamfanin nan dai shi ya tattara waƙoƙin da matasan Sahara ke tura wa juna a waya ya buga su a faifai a 2011, har da ta Mdou Moctar. Na gode musu. Amma ina jin kunya, don mun fi su kusa, kuma mu muke da makullin ɗakin ajiya.

Na san abin da ke cikin irin ɗakin nan, don na shiga namu. Kaset ɗin da aka naɗi makaɗan ƙauye a kai, aka zo aka naɗi sanarwar biki a kansa don babu sabo. Kwalaye da gara ta cinye daga ƙasa. Waɗanda suka tsira babu rubutu a jikinsu, sai ka sa ka ji murya mai tayar da tsigar jiki, ka tambayi kowa a gidan ba wanda ya san mai ita. Yau kuma abin ya fi muni. Yaran unguwanninmu suna haɗa kiɗa a kwamfuta, mai sauri, mai fasasshen amo, wanda ake sa wa a bikin ƴan kabu-kabu har lasifika na kuka. Yana yawo daga waya zuwa waya a wurin masu tura waƙa, sunansa "sabuwa 3" ko lamba kawai. In wayar ta faɗa ruwa, shi ke nan. Su kawo mana gidan rediyo, mu saurari daƙiƙa goma mu ce hayaniya ce. Irin kallon mai tsaron ƙofar RoXY muke yi musu, mu da muke ƴaƴan manoma da ƴan tireda.

Kada masu bautar faifai su ɗauka na shigo ƙungiyarsu. Akwai wasu a Turai da ke cewa wai baƙin faifai ya fi ɗumin sauti da taushi, suna sayen tsofaffin faya-fayan gabber da tsadar da yaron da ya fara sayensu ba zai iya biya ba, su jera a kanta ba su ko ɗora allura. Wane taushi ake nema a bugun da aka ƙona da gangan? Wannan ma wata ƙofar ce da mai tsaronta. Kuma ban ce a kafa injin buga faifai a Maraɗi ko Damagaram ba. Roba ce, zafin watan Afrilu na lanƙwasa ta kamar gurasa, ƙurar hunturu na cika mata tsaga, biyu daga nawa ma sun riga sun karkace ba sa saurarawa. Abin da nake kishi a faifan shi ne ɗabi'ar da ke bayansa. Yaran da duk ƙasarsu ke kira jahilai sun ɗauki hayaniyarsu da muhimmancin da ya sa suka rubuta mata suna da shekara da lamba, suka buga ta da yawa, suka watsa ta hannu da yawa, yadda ba wani babba guda da zai iya cewa a kai bola a kai. Ba su jira rediyo ta ce musu sun isa ba.

Ni kaina ba kullum nake iya sauraron gabber ba. Bayan fuska biyu kaina ke sarawa, in koma wa Ali Farka Touré in huta. Ban roƙi Baba ya so shi ba, kuma ban roƙi matar da na tayar wa jariri ba. Mai sauraro yana da ikon murɗa rediyonsa. Mu da ke ciki ne ba mu da ikon mayar da ɗanɗanonmu doka, don abin da muka ƙi sa wa a iska muka kuma ƙi ajiyewa, ba mu bar wa na baya damar su saɓa mana ba.

Faya-fayan suna gidana yanzu, a tsaye ba a kwance ba, tsakanin littattafai, a ɗakin da rana ba ta bugu. Na kuma sayi babban littafin rajista irin na masu shago. Duk yaron da ya kawo kiɗansa, ko zan sa ko ba zan sa ba, sai in rubuta sunansa da unguwarsu da ranar da ya kawo da na'urar da ya yi aiki da ita, in ba shi lamba, in kwafe a wuri biyu, ɗaya a wurin aiki ɗaya a gida. Na kai lamba 41. Makon jiya Baba ya same ni ina rubutu, ya ɗaga littafin ya duba shafi biyu, ya tambaye ni ko mai lamba 17 ɗan gidan mai gyaran rediyon nan ne na bakin tasha. Na ce shi ne. Ya ce ya san kakansa, makaɗin gangar noma ne, kuma akwai kaset ɗinsa a ɗakin ajiya in gara ta bar shi. Ya ajiye littafin, ya ce har yanzu dai na Holan ɗin nan injin niƙa ne, ya tafi neman makulli.